Ɗinki a Ƙarƙashin Hular Kwano

Duk yarinyar da ta shigo shagona a unguwar Parkchester da ke Bronx, nan Amurka, da niyyar koyon ɗinki, maganarta ta farko kusan ɗaya ce: "Anti Rabi, a fara min da hijabi, tunda shi ne mai sauƙi." A waya ta gani, wata ta yanka ta ɗinka cikin minti biyar, ga kiɗa na tashi. Ba na musu da su. Nakan nuna musu wani hijabi ruwan ƙasa da na rataye a ƙusa saman kekena, in ce su sauko da shi su duba. Su juya shi ciki da waje, su bi kalmasar da yatsa, su ce ba su taɓa ganin ɗinki mai tsabta haka ba. Gaskiya suka faɗa. Shi ne kuma aiki mafi muni da na yi tun da na fara taka keke, kuma yanzu na haura shekara arba'in ina takawa.

A Fagge na koya, wurin ƙanwar babana, Gwaggo Asabe. Aikin da ta fara ba ni ba ɗinki ba ne, farkewa ne. Ta miƙa min reza da tsofaffin riguna, in zauna a bakin ƙofa ina warware ɗinkin wasu har in gane ta inda aka bi aka haɗa. Da na gama wannan sai ta ɗora ni kan keken ƙafa ba zare, ta sa min tsohuwar jarida in bi layin rubutu da allura. In ta ɗaga takardar a rana ta ga huji ɗaya ya kauce, tef ɗin awo da ke wuyanta zai sauka a bayan hannuna. Wajen Gwaggo, ɗinki mai kyau shi ne mai ƙarfi. A ninka baki sau biyu, a bi shi sau biyu, a sa shafi, a danne da dutsen guga har ya kwanta. In kaya suka tsufa suka yage, to yadin ne zai yage, ba aikinta ba. Da wannan tarbiyya na zo Amurka, da kuma almakashinta mai baƙin mariƙi, wanda har yau ba na bari kowa ya yanka ko takarda da shi.

Masu kawo min ɗinki a nan kala-kala ne. Ga matanmu na Kano da Kaduna masu aikin asibiti, waɗanda za su kawo leshi saura kwana uku Sallah su ce ai sun san ba zan ba su kunya ba. Ga 'yan Nijar da shaddarsu mai ƙarar tsiya. Ga 'yan Zangon Gana daga Morris Heights, waɗanda in biki ya tashi ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, mota guda suke cikawa. Kowacce da hoto a waya, hoton wata siririya mai tsawo, ita kuma mai hoton ta fi ni ƙiba, amma so take in fito da ita haka sak. Wannan duk na saba. Na san kafaɗa, na san ƙugu, na san wadda za ta ja numfashi ta matse ciki lokacin awo, in ƙara mata inci ɗaya ban gaya mata ba.

Shekarar annoba ce ta kusa tashi na daga sana'a. Ba biki, ba suna, ba ɗinkin Sallah. Keke ya yi ƙura, ni kuma zama ya ishe ni. Wata maƙwabciya ta haɗa ni da wata ƙaramar masana'anta a Brooklyn, na tafi ban tambayi me ake ɗinkawa ba. Ashe kayan ninƙaya ne na mata, irin waɗanda in aka haɗa sama da ƙasa yadinsu bai kai hankici biyu ba. Ni Rabi, jikar malamai, da hijabina har ƙasa, ina zaune ina haɗa waɗannan 'yan ƙyallaye daga safe zuwa la'asar. Duk wanda ya tambaye ni a masallaci sai in ce takunkumi muke ɗinkawa. Mai kula da mu wata 'yar Dominika ce, Madam Lusiya, gajeriya mai faɗa kamar Gwaggo. Ranar farko ta ɗauki aikina ta ja shi da hannu biyu, zaren ya tsinke ɓat. Ta ce wannan yadin mai miƙewa ne, ba a yi masa ɗinkin ƙarfi, ɗinkin da zai bi jiki ake yi masa. Ta zaunar da ni a wani keke mai allura huɗu, wanda ke haɗa baki da baki a kwance, ba tudu, ba kalmasa. Wata takwas na yi a wurin. Ranar da na bari ban waiwaya ba, na ce Allah kar Ya maimaita min.

To, aikin da nake son ba ku labari ya zo ne bayan wannan da 'yan shekaru, a lokacin da guguwarsu ta teku take tasowa.

Hajiya Memuna tsohuwar mai kawo min ɗinki ce, 'yar Kumasi, tana aikin kula da tsofaffi. 'Yarta Nafisa a hannuna ta girma ta fuskar ɗinki, ni na yi mata rigar saukar karatu. Da ta girma ta samu aiki a kantin magani, ta kuma shiga sojan jiha, irin waɗanda ke zaune suna aikinsu sai in wani bala'i ya faɗa a kira su. Uwar ba ta so ba. Ta yarda ne da sharaɗi ɗaya, cewa yarinyar ba za ta taɓa buɗe kai ba, kuma dokar sojan ta ba da damar sa hijabi muddin launinsa ya dace da kaki.

Wata Talata Hajiya Memuna ta faɗo shagona tana haki, da yadi a leda. Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne, ga kuma "koraa" a madadin ko kaɗan, "paa" a madadin sosai.

"Hajiya, yarinya nan ya kashe ni. An kira shi, jibi za su tafi wurin guguwa. Ka ga abin da yake sawa a kai? Kamar safa! Ba hijabi ba ne koraa. Ka ɗinka mishi guda shida, mai kauri paa, su san ɗan Musulmi ne."

Na ce, "Kwantar da hankalinki, Hajiya. Awon kanta yana littafina."

Ban nemi ganin Nafisa ba. Ban tambayi aikin da za ta yi a can ba. Me zan tambaya, hijabi ne fa? Na zauna na yi shi yadda Gwaggo za ta gani ta gyaɗa kai. Na sa shafi. Na yi wa goshi baki mai faɗi, na ninka sau biyu, na zura roba a ciki, na bi da ɗinki layi biyu a jere. Na goge su shida, na naɗe, na sa musu turare. Har ina jin daɗi a raina cewa ni ma na taimaka wa masu taimakon mutane.

Kwana goma sha ɗaya bayan tafiyarsu, ina cikin yanka wata atamfa da azahar, waya ta yi ƙara. Nafisa ce a hoto, zaune a inuwar wata ƙatuwar mota, bayanta bishiyoyi a kwance da rufin gidaje a ƙasa. Ta gaishe ni, ta ce, "Anti, please kar ki gaya wa Mama tukuna." Sai ta ɗan ja hijabin baya.

Na ajiye almakashi. Daga wannan gefen goshinta zuwa wancan ciwo ne ja, ya kumbura, yana ruwa.

Ta yi min bayani da Hausarta ta yaran nan, rabi Turanci. Ita ke tuƙa motar da ke kai ruwan sha unguwannin da ambaliya ta yanke, kuma doka ce duk mai tuƙa irin motar sai da hular kwano, tun safe har yamma. Garin zafi ne da gumi, iskar ma jiƙaƙƙiya. Hular tana danne kalmasata a kan fata, yadin ya sha gumi ya ƙi bushewa, in ta wanke ta shanya kwana biyu yana nan da danshi. Ga ruwan ambaliya mai datti da ke fantsamo mata. Ta nemi hijabanta na da a jaka ba ta gan su ba. Likitan rundunar ya ce ya ba ta mako guda. In ciwon bai fara bushewa ba, ko dai ta cire ƙyallen ta sa bandeji kawai a ƙarƙashin hula, ko kuma a mayar da ita gida.

"Anti, ba na so in cire. Kuma ba na so in dawo. Akwai wasu tsofaffi a wani gini, elevator ɗinsu ya mutu, ni nake kai musu ruwa har hawa na huɗu. Sun san ni yanzu."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a sana'a. An taɓa dawo min da riga an ce ta matse, an taɓa zagina a kan hannun da ya gajarta. Amma ba a taɓa nuna min ɗinkina a jikin naman mutum ba. Na tambaye ta yaya kaya ke isa wurinsu. Ta ce akwai motar da ke tashi daga barikinsu ranar Juma'a da saƙonnin iyalai. Ranar Litinin muke.

Ban riƙe mata sirrin ba, don sunan uwar ne a takardar masu kai saƙo. Da na gaya wa Hajiya Memuna ta zauna a kujerar awo ta rufe fuska. Ta ce ita ta cire tsofaffin daga jakar ta jefa a shara, don kar yarinyar ta koma kansu. Irin su kuma ba a kanti ake samu ba, sai an yi oda, mako biyu kafin su zo.

"To ya dawo gida kawai," in ji ta. "Lafiyan shi ya fi."

Na ce, "Hajiya, ke kika yi oda, ni na ɗinka, ba wanda ya tambayi mai kan. Ba za a dawo da yarinya daga aikin lada saboda kalmasata ba. Gobe da safe ki same ni a tashar jirgi."

Wuri ɗaya na sani da ke da yadin da ba ya riƙe ruwa da keken da ba ya barin tudu. Muka hau jirgin ƙasa tun daga Bronx har Brooklyn, ina ta addu'ar Allah Ya sa Madam Lusiya na nan. Tana nan, faɗanta ma yana nan. Muna shiga Hajiya Memuna ta tsaya cak tana kallon kayan da aka rarrataya jere a bango, ja da shuɗi da masu igiya. Ta dube ni, ta sake dubansu.

"Ei, Hajiya Rabi! Nan ne takunkumin?"

Na ce, "Nan ne. Ki yi shiru ki riƙe min jaka."

Na nuna wa Madam Lusiya hoton goshin. Ba ta yi min dogon zance ba. Da guntun Turancinta da guntun nawa ta gaya min cewa tana yarinya guguwa ta taɓa ɗauke rufin gidan uwarta, kuma masu kaki ne suka kawo musu ruwa. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da ragowar wani yadi ruwan yashi, mara nauyi, mai miƙewa ta ko'ina. Ta ce ta ba ni aron keken duk lokacin hutun rana, minti arba'in, kar in ƙara ko ɗaya. A ranar na ɗinka guda ɗaya na gwaji na tafi da shi.

Ga abin da ya kamata ku fahimta, ku masu cewa hijabi ne mai sauƙi. Ba zan iya sa kalmasa a goshi ba, don haka sai na ninka yadin ya zama ninkin ne bakin fuska, ba zare ko ɗaya a wurin. Ba roba. Ba fil, don soja ba ya yawo da tsinin ƙarfe a wuya. Dole ya kama fuska da kansa, ya shige cikin wuyan riga, kuma duk inda hula ke taɓawa kar a samu ɗinki. Amma ta ina hula ke taɓawa? Ni ban taɓa sa hular kwano ba a rayuwata.

A ƙasan ginin shagona akwai Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, magidanci, mai kai abinci gida-gida a babur. Na tare shi yana cin abinci na ce ya ara min hularsa ta biyu.

"Mi za ki yi da kask, Hajiya? Ke ma aikin za ki shiga?"

Na ce ya ba ni dai. Na san ba irin ta soja ba ce, amma nauyi nauyi ne. Na jiƙa sabon hijabin a famfo, na sa, na ɗora mayafina a kafaɗa, na kifa hular a kai na ɗaure igiyar. Sannan na fita cikin rana na yi ta zagaya filin tsakiyar unguwa, tsohuwa da zani da hular babur. Yara suka ɗauke ni hoto. Wata mai kawo min ɗinki ta hango ni daga nesa ta tsallaka titi ta yi kamar ba ta san ni ba. Ban kai awa ɗaya ba na ji ɗinkin gefe yana cizon bayan kunnena. Na koma na yi alama da alli.

Laraba na koma Brooklyn na mayar da ɗinkin can ƙeya, ƙasa da bakin hula. Wannan bai ciji kunne ba, amma da na sunkuya kamar mai ɗaukar kwalin ruwa sai ya zame ya rufe min ido. Na rage yatsa biyu a haɓa. Na hau matattakalar gininmu har hawa na huɗu da galan ɗin ruwa a kowane hannu, na sauko, ina tunanin yarinyar da ke yin haka sau goma a yini. Bai zame ba. Na wanke shi na rataye a taga, kafin in idar da la'asar ya bushe.

Alhamis minti arba'in ba za su ishe ni guda shida ba. Madam Lusiya ta tsaya a kaina tana duba agogo, can sai ta ja kujera ta zauna a keken da ke gefena, ta ɗauki uku. Ba ta ci abincin ranarta ba. Juma'a da safe Hajiya Memuna ta kai kwalin bariki, da man shafawa da auduga, da kuma leda guda ta garin rogo da na ce mata ba shi da amfani a can amma ta ƙi ji.

Daga nan ba abin da ya rage sai jira, kuma jira ba sana'ata ba ce. Na ɓata wuyan riga biyu a makon. Ranar da wa'adin likitan ya cika ba mu ji komai ba, don wayarsu sai an dace. Sai bayan kwana uku saƙo ya shigo, hoto ne kawai ba rubutu. Nafisa ce a bakin wata ƙofa da hularta a kai, bakin hijabin ruwan yashi ya leƙo kaɗan, wata tsohuwar Baturiya ta riƙe mata hannu. Na ajiye wayar na yi sujada a nan tsakanin keke da teburin guga. Na gode wa Allah da Ya rufa min asiri. Na kuma gode maSa da shekarar nan da na yi ta tsinewa, don ba don ita ba da ban san ko ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Yanzu duk Sallah sai na aika wa Madam Lusiya kwanon nama, kuma duk wanda ya tambaye ni inda na yi aiki lokacin annoba ina gaya masa gaskiya. Hajiya Memuna ma ta riga ta gaya wa rabin Morris Heights.

Tun daga lokacin ba na ɗora tef a jikin kowa sai na tambaya: me za ki yi a cikinsa? Ma'aikaciyar jinya ta ce tana sunkuyawa, in sauya yankan. Amarya ta yi dariya ta ce rawa za ta yi, in ce to tashi ki taka in gani.

Nafisa ta dawo bayan mako shida, ta rame, ta yi baƙi. Ta zo shagon da uwarta, ta miƙa min leda, ciki akwai ɗaya daga cikin na farkon, don na roƙe ta ta kawo min. Shi ne wancan da ke ƙusa. Na ce ta matso kusa da taga. Ba maza a shagon, sai ta ja hijabin baya.

Ciwon ya warke, amma ya bar tabo. Layi biyu ne a jere, daga gefe zuwa gefe, ba inda suka karkace. Na bi su da yatsa na gane tazarar, ita ce faɗin ƙafar da ke danne yadi a kekena. Na ce mata ta yafe min.

Ta yi dariya ta ce, "Anti, it's okay. Ai a rufe yake, ba mai gani."

Uwar ta matso ta gyara mata bakin hijabin a goshi da hannunta, irin siririn nan da ta taɓa kira safa.

"Gaya wa Hajiya," in ji ta. "Kwana nawa ka buɗe kai a can?"

Nafisa ta ce, "Ko ɗaya, Mama."